Tsakuwa a madaciya: yadda ake lallaɓa ciki kafin ranar tiyata

Idan an ɗauki hoton cikinki aka ce akwai tsakuwa a madaciya, likita kuma ya ce sai an yi tiyata amma layi bai zo kanki ba tukuna, to ki fara da riƙe wannan: babu abincin da zai narkar da tsakuwar nan. Duk abin da za ki yi daga yau har ranar aiki lallashi ne. Ki hana madaciyar tashi iyakar iyawarki, ki kuma san alamomin da in suka bayyana zancen jira ya ƙare, sai asibiti ko da tsakar dare ne.

Ni girkin biki da suna nake yi a Kano, mai da kitse kuwa tun ina budurwa muke tare. Na yi watanni ina jiran tawa tiyatar, an kuma yi ta lafiya, alhamdulillahi. Ni ba likita ba ce. Abin da zan faɗa haɗi ne na bayanin likitocin da suka duba ni da abin da tukunya ta koya min a tsawon jiran. Da mata nake magana domin mu ciwon ya fi kamawa, musamman wadda ta haura shekara 40, ko ta yi haihuwa da yawa, ko take da jiki. Amma maza ma suna samunsa, kuma maigidan da matarsa ke fama ya fi kowa buƙatar sanin abin da ke nan, tunda shi za a tasa ya nemo mota da daddare.

Duk wadda ta taɓa gyaran kaza ta san madaciya, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali kada ta fashe ta ɓata nama. Ta mutum tana gefen dama, daidai inda haƙarƙari ya ƙare, tsawonta santimita 7 zuwa 10. Ba ita ke yin ruwan ɗacin ba. Hanta ce ke yinsa, wajen rabin lita ko fiye a kullum, ita madaciya ajiye shi kawai take yi tana kaurara shi. Da zarar abinci mai maiƙo ya bar tumbi ya shiga hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari cikin jini, madaciya ta samu saƙo ta matse, ta feso ruwan don a narkar da man. In akwai tsakuwa, kuma ta gangaro ta toshe bakin jakar a daidai lokacin, sai ya zama tamkar kina matsa ledar fiya wata da ba a huda ba. Wannan matsar ita ce ciwon.

Shi ya sa yake da kamanninsa. Yakan zo bayan cin abinci mai nauyi, sau da yawa da dare. Ya kama saman ciki ta dama ko daidai ƙahon zuci, ya zagaya baya ko ya hau kafaɗar dama. Ba ya murɗawa ya saki irin na gudawa, zama yake daram, daga rabin awa zuwa awa huɗu ko biyar, da tashin zuciya ko amai, har tsakuwar ta koma ciki ya lafa. Da yawanmu mun daɗe muna shan maganin olsa kafin wani ya ce a yi sikanin.

Kusan mutum 8 cikin 10 masu tsakuwar ba ta taɓa damunsu ba, su kuma ba a cika yi musu aiki ba. Don haka in maƙwabciya ta ce ai ita ma an gano mata tun tuni ga ta nan garau, gaskiya ta faɗa, sai dai ba layinku ɗaya ba. Wadda tata ta fara ciwo, akasari sai ya dawo.

A kicin

Abin lura shi ne yawan man da ya shiga ciki a zama ɗaya. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja ko man zaitun, kitsen da ke cikinsa ya kai giram 14. Na ƙaramin cokalin shayi bai cika giram 5 ba. Madaciya ba ruwanta da tsadar mai ko sunan da ya yi wajen ƙara lafiya, man zaitun ma matsa ta yake yi. To yanzu ki tuna ludayi nawa muke zubawa a jar miya. Ni ma'aunina a lokacin ƙaramin cokali ɗaya ne a kwanon abincina, kuma sai an sauke nake zubawa, don in ga abin da zan ci da idona.

Ba sai kin ɗora tukunya biyu ba. Ki haɗa miyar gida ba mai, ki kwashe taki, sannan ki soya mai da albasa ki juye a ta sauran mutanen gida. Jar miya ma ba dole sai an soya ta ba. Ki niƙa tumatir da tattasai da albasa, ki dafa har ruwan ya tsotse tsamin ya fita, sannan ki sa daddawa da citta da tafarnuwa da romo. Sai dai romon yana son nasa gyaran: ki dafa naman da wuri ki bar shi ya huce, in akwai wuta ki sa a firji, in babu ki ajiye tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi. Kitsen zai taso ya daskare a sama, ki yaye shi da cokali. Ranar farko da kika ga abin da kika yaye daga romon rago za ki fahimci dalilin wasu dararen.

Mun yi sa'a da miyar yauƙi. Kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, lalo, duk ba sa neman mai in dai daddawa da yaji sun ji. Tuwon dawa ko na masara ko na shinkafa ba su da matsala, man shanun da ake yaryaɗawa a kai shi ne mai laifin, kuma na san ba ƙaramin rashi ba ne. Miyar gyaɗa da ta agushi kuwa sai haƙuri, domin gyaɗa kusan rabinta mai ne, haka riɗi, haka agushi. Taushe ana iya yinta ba gyaɗa, ki ƙara kabewa ita za ta ba ta kauri, ga alayyahu ga 'yar yakuwa.

Akwai abincin da shi kansa lafiyayye ne, abin da muke malala masa ne ke ja. Ɗanwake a ruwa ake dafa shi. Haka shinkafa da wake, haka dambu, haka dafaffiyar doya da rogo da dankali. Maimakon soyayyen mai, ki yanka tumatir da albasa da kokwamba, ki zuba ɗan romo don kada ya shaƙe ki, sai cokalinki ɗaya na mai. Yajin ma ki duba, in na ƙuliƙuli ne ki barbaɗa kaɗan. Kwaɗon zogale ko na rama haka, a rage ƙuli a bar mai. Ƙosai da alala wake ɗaya ne, amma ɗaya ya yi iyo a mai, ɗayan turara shi aka yi, don haka alala mai ɗan mai kaɗan ita ce taki. Awara ki jefa ta a miya ta dahu maimakon soyawa. Waina da sinasir, in a gida ne, ki shafa tandar da ɗan mai kawai kada ki zuba. Na saye kuwa kin san yadda suke fitowa suna ɗiga.

Nama ba a hana ki ba, kina ma buƙatarsa. Kazar da aka cire wa fata, zabo, tsokar sa marar kitse, karfasa gasasshiya ko a farfesu. Waɗanda za ki jingine su ne tozo, ɓargo, ƙwaƙwalwa, hanji, kai da ƙafa, da duk abin da aka soya. Tsire ana yi masa ƙuli ana kuma yaryaɗa mai, kilishi da labun gyaɗa ake shafe shi, dambun nama soyawa ake yi. Tarwaɗa ta fi karfasa maiƙo, kifin gwangwani kuma a cikin mai yake kwance. Farin ƙwai ba shi da mai, gwaiduwa ɗaya tana da wajen giram 5. Dafaffe ɗaya wasu na ɗauka lafiya, wainar ƙwai ta mai shayi kuwa, da biredi mai bota da shayi mai kauri, ita ce ta fi kowane abinci tayar min da ciwo.

Wurin mai nono ki tambaya, kindirmo ne ko wanda aka kaɗe? Kindirmo da mansa yake. Tsala, wanda aka cire wa mai, shi za ki dama fura da shi. Koko, kunun tsamiya, kunun kanwa da kunun zaƙi duk naki ne. Kunun gyaɗa ba naki ba ne, kunun aya ma akwai maiƙo, balle in an haɗa da kwakwa. Gwanda, kankana, ayaba, lemo, gwaiba da abarba ki sha son ranki, fiya, wato avocado, ita ce mai maiƙo a cikin 'ya'yan itatuwa.

Sai man da ke ɓoye. Indomi soyayyiya ce tun daga kamfani, ko da a ruwa kika dafa ta. Biskit, cincin, fanke, kek, alkaki, dubulan, askirim, mayonis ɗin da ake cika wa salak, madarar gwangwani da ta gari mai cikakken mai. In abu na leda ne ko na gwangwani, ki juya bayansa ki duba kitsen da ke cikin giram 100. Ma'aunin da ake amfani da shi a Biritaniya yana da sauƙin riƙewa: giram 3 zuwa ƙasa kaɗan ne, abin da ya haura giram 17.5 ya yi yawa.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da lokacin da ciwo ya zo. Ciki ba ɗaya ba ne. Ni attaruhu bai taɓa damuna ba, wata kuwa ba ta iya ɗaukarsa. Wake da kabeji kan kumbura ciki, wannan daban ne da ciwon madaciya, littafin ne zai taimaka miki ki raba su. Likita ma zai ji daɗinsa, don yawan tashin ciwon na cikin abin da yake dubawa wajen matso da ranar aiki.

Abin da ya fi girki wahala shi ne mutane. Gidan biki za a ajiye miki soyayyar kaza da funkaso, uwar biki ta tsaya a kanki tana cewa ai ɗan kaɗan ba ya komai, ko loma ɗaya ki yi. Ki ci abincinki tun a gida kafin ki fita, kada ki isa da yunwa. In an matsa, amsa ɗaya ta ishe ki: “Hajiya, likita ne ya hana ni, amma a zuba min in tafi wa yara da shi.” Ba wadda ta taɓa jin haushin wannan amsar. Da Babbar Sallah kuma ki ware tsokarki tun wajen fiɗa, a gasa miki ko a yi farfesu, kafin a narka kitse a fara suya.

Kada kuma tsoro ya sa ki daina cin abinci. Wannan tarko ne da mata da yawa ke faɗawa: ciwo ya firgita ta, sai ta koma ruwan shayi da busasshen biredi. Ciki in ya daɗe ba komai, ruwan madaciya zama yake yi ya ƙara kauri, saurin ramewa kuma, irin sama da kilo ɗaya da rabi a mako, yana haifar da sabbin tsakuwoyi. Ki ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, kada ki tsallake karin kumallo, na dare ya zama marar nauyi kuma da wuri. In kina son rage jiki kafin aiki, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Jikin da za a yi wa tiyata yana buƙatar ƙarfinsa da jininsa. Wani lokaci kuma duk kiyayewar nan ciwon zai zo, kin kwana da tuwo da miyar kuka ba mai amma ya tashe ki. Haka tsakuwa take, ba sai kin yi laifi ba.

Azumin nafila ni dai na dakatar da shi har bayan aiki. Na Ramadan ki tattauna da likitanki tun kafin wata ya kama. Wadda ta samu iznin yi, haɗarinta yana wajen buɗa baki: madaciya ta yini cike, sai a tarbe ta da ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai a zama ɗaya. Ki buɗa da dabino da ruwa da kunu, ki yi sallah, ki ci abu marar nauyi, sauran ki bari sai bayan asham. Kada ki bar sahur. In kuwa ciwon yana tashi, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a aya ta 184 da ta 185 ta Suratul Baƙara, ki sha ki rama bayan kin warke, ki kuma tambayi malami in zuciyarki ba ta natsu ba.

Idan ciwon ya taso

Ki duba agogo da farko, ki riƙe lokacin da ya fara. Ki daina cin komai, sai kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Ruwan ɗumi a gora, a naɗe da tsumma a ɗora a wajen, yana ɗan sassautawa. Wata zama ne ke mata, wata zagaya tsakar gida.

Maganin da za ki sha ki tambaye shi tun ranar ganin likita, ya rubuta miki, ki ajiye a gida, kada sai ƙarfe biyun dare a fara neman kemis. Farasitamol ga babba ƙwaya biyu ne masu miligiram 500, a bar awa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Dikulofenak da ibufurofen sun fi shi aiki a kan wannan ciwon, amma ba na kowa ba ne: mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai asma da mai shan maganin tsinka jini, duk sai da iznin likita. Ki guji haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda ba suna, don sau da yawa irin magani ɗaya ne aka maimaita a ciki. Tiramadol ba abin saye da kai ba ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba ya yi wa wannan matsar komai, yana da nasa lokacin, likita ne zai faɗa.

Lokacin da ba a jira

Wannan shi ne wurin da nake so ki karanta wa maigida da babbar 'yarki, domin ranar da za a buƙace shi wataƙila ba ki iya magana.

In ciwo ya wuce awa 6 bai lafa ba, ko ya fi ƙarfin maganin da aka ba ki, a tafi. In zazzaɓi ya shigo, ma'auni ya nuna 38 ko sama, ko kina rawar ɗari, a tafi, domin alama ce madaciyar ta kumbura ta kamu da ƙwayoyin cuta. A nan ne ake yawan ɓata lokaci, don kowane zazzaɓi a wajenmu maleriya ne ko taifot. Mai tsakuwa a madaciya da ke zazzaɓi tare da ciwon gefen dama ba ta fara da maganin maleriya a gida ba, asibiti za a tantance.

In farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki yana ƙaiƙayi, to tsakuwa ta fita daga jakar ta toshe babbar hanyar da ruwan ɗaci ke bi daga hanta zuwa hanji. Za a ce miki shawara ce, a kawo saiwa da sassaƙe. Wannan shawarar toshewa ce, babu jiƙon da zai buɗe ta. In ta haɗu da zazzaɓi da rawar ɗari, ko mutum ya fara ruɗewa, awoyi kaɗan na iya raba rai da mutuwa. Akwai aikin da ake zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ciro tsakuwar daga hanyar, amma ba kowane asibiti ke da kayansa ba, shi ya sa isa da wuri ke da muhimmanci, ko don a samu lokacin tura ki gaba.

In ciwo mai tsanani ya kama tsakiyar saman ciki yana hudawa har baya, ga amai ba tsayawa, ba kya samun sauƙi sai kin duƙa gaba, mai yiwuwa tsakuwar ta toshe hanyar fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin, ta kumbura. Shi ma na gaggawa ne. Haka in ko ruwa ba ya zama a cikinki. Sannan kada sanin kina da tsakuwa ya sa ki ɗora mata komai: ciwon ƙirji mai danna mutum, da gumi da sarƙewar numfashi, ko mai sauka hannun hagu, zuciya ake fara zargi.

Tun yau ki san asibitin da za ki nufa da dare, wanda ke da likitan tiyata da wurin kwanciya. Ki ajiye lambar mai mota ko mai adaidaita na unguwa, ki ware kuɗin da ba a taɓawa. Katin asibiti da sakamakon sikanin su zauna a jaka ɗaya da kowa a gidan ya san inda take.

Masu narkar da tsakuwa

Za su same ki, ko a WhatsApp ko a motar lasifika ko ta bakin 'yar'uwa mai son ki da alheri. Mafi shahara shi ne a sha rabin kofi ko fiye na man zaitun da ruwan lemon tsami da dare, da safe a ga wasu korayen dunƙule-dunƙule a bayan gida a ce ga tsakuwoyin sun fito. A 2005 wasu masana a Niyu Zilan sun auna irin waɗannan dunƙulen, aka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet: babu sinadaran tsakuwar madaciya a cikinsu, man da aka sha ne ya haɗu da ruwan lemon da ruwan narkar da abinci na ciki ya zama sabulu. Ki kuma lissafa da kanki, wadda ake auna wa mai da ƙaramin cokali ita ce za ta ɗaga rabin kofi ta shanye. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Shan ruwa da yawa yana taimaka wa ƙaramar tsakuwar ƙoda ta fita ta fitsari, ta madaciya hanyarta daban, ruwa ba ya wanke ta. Akwai ƙwayar asibiti da likitoci ke kira urso, tana iya narkar da ƙananan tsakuwoyin kolestarol, wato wani nau'in kitse, amma sai an yi watanni har zuwa shekara biyu ana sha, ba kowa take yi wa ba, kuma in an daina sukan dawo. Shi ya sa ma ba a ciro tsakuwar a bar jakar: jakar da ta yi tsakuwa sau ɗaya takan sake yi.

Dangi za su ce yaya za a cire wa mutum abin da Allah Ya halicce shi da shi. Hanta ba ta daina aikinta ba, ruwan ɗacin zai ci gaba da gangarawa hanji kai tsaye. Aikin ma ba sabo ba ne. Tun 1882 wani likita, Carl Langenbuch, ya fara cire madaciya a Balin, a 1985 kuma Erich Mühe, shi ma a Jamus, ya fara yi ta ƙananan huji da kyamara. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne sauƙin da kiyaye abinci ke kawowa: wata biyu ba ciwo, sai a ce an warke, a ƙi komawa. Aikin da aka shirya cikin natsuwa ya fi wanda za a yi a kan madaciyar da ta riga ta kumbura sauƙi da aminci, kuɗinsa ma ya fi sauƙi.

Riƙe layinki

Kada ki zauna jiran waya. Ki je duk ranar asibitin da aka ba ki, ki tabbatar lambar da ke fayil ɗinki tana aiki, ki san ofishin da ake rubuta masu tiyata. Yajin aiki ko lalacewar na'ura na iya ɗage rana, in haka ta faru ki koma ki karɓi sabuwa da bakinki. Duk tashin ciwo mai tsanani ki sanar, musamman in ya kai ki kwanciya. Takardun gwaji ki ɗauki hotonsu a waya. In za a sake sikanin, a kan ce a je ba a ci komai ba na awa 6 zuwa 8, don jakar ta cika a gan ta sosai.

Ki tambaya a fili: buɗe ciki za a yi ko ta ƙananan huji? Kayan na biyun ba ko'ina ake da su ba, an fi samunsu a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da wasu masu zaman kansu. Ko an fara da huji, likita na iya komawa buɗewa in ya ga hakan ya fi aminci, za a kuma sa ki sa hannu a kan haka. Ki nemi a rubuta miki kuɗin gaba ɗaya, har da gwaje-gwaje da gado da magani. In kina da inshorar lafiya, ta NHIA ko ta jiha, ki bi takardar izninta tun yanzu, tana cin lokaci. Asibitoci da yawa kan ce a kawo masu ba da jini kafin aiki, ki yi magana da 'yan'uwa tun da sauran lokaci.

Mai sikila takan samu tsakuwa tun tana yarinya, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jini, kuma ciwon kan rikice da nata na kullum. Likitan jininta dole ya shiga shirin, wataƙila a ƙara mata jini kafin aiki. Mai ciwon suga kada ta jira ciwo ya yi tsanani, madaciyarta na iya lalacewa da ɗan ciwo kaɗan. In kin samu ciki a lokacin jira ki faɗa nan take, ana iya yin aikin in ya zama dole, an fi zaɓar watannin tsakiya. Ki lissafa wa likita duk abin da kike sha: asfirin ko wani maganin tsinka jini, na hawan jini, na suga, ƙwayar tazarar haihuwa, har da na gargajiya da na gyaran jiki. Kada ki tsayar da na asibiti da kanki, shi zai faɗi wanda za a dakatar da kuma yaushe. Mai shan taba ko shisha ya bari tun makonni kafin ranar.

Daren aiki, ƙa'idar da aka saba ita ce a bar abinci awa 6 kafin a shiga, ruwa zalla kuma awa 2, amma abin da asibitinki ya ce shi za ki bi. In mura mai ƙarfi ko zazzaɓi ya kama ki a makon, ki sanar kafin ranar. Bayan an cire, wannan takurar ta ƙare, a hankali za ki koma cin abincinki, ko da yake wasu kan yi 'yar gudawa na ɗan lokaci in sun ci maiƙo. Ki tanadi wadda za ta karɓe ki ɗaukar tukunya da jarkar ruwa da goyo. Wadda aka yi wa ta huji kan koma gida ranar ko washegari, ta koma harkokinta cikin mako 2. Wadda aka buɗe kan kwana 3 zuwa 5 a asibiti, kuma sai ta yi mako 6 zuwa 8 kafin ta ɗaga abu mai nauyi, don haka in sana'arki irin tawa ce kada ki karɓi aikin biki a wannan tsakanin.